Filin Jirgin Dubai: Abin da Masu Kwaikwayo Ba Sa Gani

A shekarar 2024 fasinjoji sama da miliyan 92 ne suka bi ta filin jirgin saman Dubai, alhali mazauna birnin gaba ɗayansu ba su cika miliyan 4 ba. Tun a 2014 filin ya karɓe kambu daga hannun Heathrow na Landan a yawan fasinjojin ƙasa da ƙasa, kuma ya ci gaba da riƙe shi shekara bayan shekara. Duk wannan hada-hada a kan tituna biyu kacal na sauka da tashi ake yinta.

Shugabanni da ministocin ƙasashe da dama sun ratsa ta wannan fili. Sun ga gilashi da marmara, sun ga shagunan zinare da turare, sun koma gida da ƙudurin cewa su ma sai sun gina irinsa. Ra'ayina shi ne sun ɗauki darasin ta wutsiya. Ginin da ya ɗauke musu hankali shi ne abu na ƙarshe da ya zo a tarihin filin, kuma shi ne mafi sauƙin samu ga duk wanda ke da kuɗi ko mai ba shi rance. Abubuwan da suka cika ginin da mutane sun girme shi da shekaru masu yawa, kuma ba a ganinsu a hoto.

Mu koma baya kaɗan. A shekarun 1930 Dubai ƙaramin gari ne na masunta da 'yan kasuwa a bakin Tekun Fasha, wanda sana'ar lu'ulu'u da ya dogara da ita ta durƙushe bayan Japanawa sun gano yadda ake kiwonsa. Filin jirgin yankin a Sharjah yake, maƙwabciyar Dubai, inda jiragen kamfanin Imperial Airways na Ingila suke ya da zango tun 1932 a hanyarsu ta zuwa Indiya. Abin da Dubai ta samu daga 1937 shi ne jirage masu sauka a kan ruwa, suna sauka a mashigin ruwan da ya ratsa garin. Haka aka zauna har 1959, lokacin da sarkin Dubai na wancan zamani, Sheikh Rashid bin Saeed Al Maktoum, ya ba da umarnin a gina wa garinsa filin kansa. An buɗe shi ranar 30 ga Satumba, 1960. Titinsa mita 1,800 ne na yashi da aka daddaɓe, tashar fasinjojin kuma ɗan ƙaramin gini ne. Sai a 1965 titin kwalta ya samu.

A duba waɗannan shekarun da kyau, domin su ne amsar masu cewa ai kuɗin fetur ne kawai. Ba a gano mai a Dubai ba sai 1966, ba a kuma fara fitar da shi ba sai 1969. Lokacin da Sheikh Rashid ya gina filin, ko ganga ɗaya bai sayar ba. Hatta yashe mashigin ruwan garin da aka yi a ƙarshen shekarun 1950 domin manyan kwale-kwalen fatake su riƙa shigowa, da rance daga Kuwait aka haɗa aka yi shi. Gaskiya ne man ya zo daga baya, ya kuma biya kuɗin manyan ayyuka irin su tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali da aka buɗe a 1979. Ba na musun wannan. Amma mafi yawan man Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na Abu Dhabi ne, kuma rabon mai a tattalin arzikin Dubai ya daɗe da komawa ɗan ƙalilan. Ƙasashe nawa ne suka fi Dubai mai nesa ba kusa ba, amma filayen jiragensu ba su kai ko kusa ba?

Abin da Dubai take da shi tun kafin filin shi ne kasuwa. Tun farkon ƙarni na ashirin sarakunanta suka sauƙaƙa haraji, fatake daga gaɓar Iran suka ƙauro, 'yan kasuwar Indiya suka kafa shaguna, cinikin zinare da yadi ya kankama. Akwai mutanen da ke da dalilin zuwa garin da dalilin barinsa su sake dawowa. Filin 1960 an gina shi ne domin mutanen da dama can suna zuwa ta ruwa, ko suna sauka a Sharjah su ƙaraso da mota. Wannan shi ne tubali na farko, kuma shi ne wanda masu kwaikwayo suka fi tsallakewa.

Na biyu shi ne buɗe ƙofa. Dubai ta ɗauki manufar barin duk kamfanin jirgin da ke son sauka ya sauka, a zamanin da yawancin gwamnatoci ke kare kamfanin ƙasarsu ta hanyar hana na waje shigowa. Wannan manufa ce ta jawo mata saɓani da Gulf Air, kamfanin haɗin gwiwar Bahrain da Katar da Oman da Abu Dhabi, wanda ya rage zirga-zirgarsa zuwa Dubai a tsakiyar shekarun 1980. Maimakon a rufe ƙofa domin a faranta wa Gulf Air rai, sai aka kafa Emirates a 1985 da jarin dala miliyan 10. Jirage biyun da ya fara aiki da su haya aka ɗauko daga kamfanin jiragen Pakistan, kuma tashinsa na farko ranar 25 ga Oktoba na wannan shekara zuwa Karachi ne. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne bayan an kafa kamfanin gida ba a kori baƙi ba. An bar shi ya yi gogayya da British Airways da sauran manya a ƙofar gidansa. Da an lulluɓe shi da kariya, da wuya ya koyi tsayawa da ƙafafunsa. In ban da shekararsa ta biyu, kamfanin ya riƙa bayyana riba kowace shekara har zuwa lokacin annobar korona.

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci yadda cinikin yake tafiya, don shi ne zuciyar maganar. A ce akwai birane 10 a gabas da birane 10 a yamma. In ana son haɗa kowane birni na gabas da kowane birni na yamma kai tsaye, sai an buɗe hanyoyi 100, kuma yawancinsu ba za su sami fasinjan da zai cika jirgi ba. Mutum nawa ne ke son tashi daga Dhaka zuwa Milan a rana ɗaya? Amma in akwai mahaɗa a tsakiya, hanyoyi 20 sun wadatar. Jirgin da ya taso daga Dhaka zai ɗebo mai zuwa Milan da mai zuwa Landan da mai zuwa Alƙahira da mai zuwa Nairobi, ya zube su wuri guda, kowa ya canza jirgi. Dubai tana zaune tsakanin Turai da Asiya da Afirka, kuma mafi yawan mutanen duniya suna cikin tazarar tafiyar sa'o'i takwas daga gare ta.

Duk wanda ya taɓa ya da zango a Tasha ta 3 da tsakar dare ya ga wannan lissafi da idonsa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da filayen Turai da yawa suka yi tsit saboda dokar hana damun maƙwabta da ƙara, nan kuwa kasuwa ta ci. Jirage na sauka ɗaya bayan ɗaya, jama'a na kwararowa daga ƙofofi da barci a idonsu: ma'aikacin jinya ɗan Filifin, iyali 'yan Kerala da jariri a kafaɗa, 'yar kasuwa da jakar hannu da ta fi ƙarfinta, dattijo da haraminsa a leda. Kowa ya ɗaga kai yana neman lambar ƙofarsa a allo. A ƙarƙashin ƙafafunsu, inda ba mai gani, akwatunansu na gudu a kan bel daga cikin wancan jirgi zuwa cikin wani. Bayan sa'o'i biyu ko uku sai jiragen su fara tashi a jere, zauren ya yi sauƙi, a jira ayari na gaba. Aikin filin ke nan: mutum ya sauka, ya sami jirginsa na gaba a kan lokaci, akwatinsa ya bi shi. In wannan ya lalace, marmarar ba za ta riƙe kowa ba.

Gine-ginen kuwa a bayan jama'a suka riƙa biyowa. Titi na biyu a 1984, Tasha ta 2 a 1998, wani babban zaure a 2000, Tasha ta 3 a watan Oktoba na 2008, sannan a 2013 zauren da aka keɓe wa A380, jirgin nan mai hawa biyu wanda Emirates ya fi kowane kamfani sayensa. Ko shagunan da ba a biyan haraji a cikinsu, waɗanda suka yi suna a duniya, da ɗan ƙaramin tsari aka fara su a ƙarshen 1983, kuma ƙwararru aka ɗauko daga Ireland suka kafa su. Za a iya cewa ai sarakunan Dubai sun sha gina abu kafin a buƙace shi, kuma haka ne. An yi ta mamakin girman tashar Jebel Ali lokacin da ake haƙa ta. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ga ciniki na hauhawa ya riga shi da taku ɗaya, da wanda ya kafa rumfa a dokar daji yana jiran kasuwa ta taso ta same shi.

Irin na biyun suna da yawa, kuma ba a ƙasashe matalauta kaɗai ba. Kanada ta buɗe filin Mirabel a 1975, bayan ta karɓe gonakin dubban mutane a wajen Montreal. Aka kai jiragen ƙasashen waje can, aka bar na cikin gida a tsohon filin Dorval, don haka duk mai son canza jirgi sai ya hau mota ya yi doguwar tafiya tsakanin filaye biyu. Fasinjoji suka gwammace su bi ta Toronto. A 2004 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga Mirabel, daga baya aka rushe tashar. Sri Lanka ta buɗe filin Mattala a 2013 da bashin China, a yankin da ba shi da jama'ar da za su cika jirgi, har ta kai an ajiye shinkafa a rumbun kayansa. Sifaniya ma ta yi nata a Ciudad Real, wanda aka buɗe a 2008 aka rufe a 2012. Duk waɗannan suna da titi mai kyau da hasumiya da na'urori. Abin da suka rasa shi ne dalilin da zai sa mutum ya sayi tikiti.

Misalin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne Addis Ababa. Habasha ba ta da arzikin mai, filin Bole kuma bai kai na Dubai ƙawa ba ko kusa. Amma ya zama babbar mahaɗar jiragen Afirka, saboda kamfanin Ethiopian Airlines da ya fara tashi tun 1946 an bar shi a hannun masu sanin aiki, daga zamanin sarki zuwa mulkin soja zuwa gwamnatocin da suka biyo baya. Kamfanin ne ya jawo fasinja, cunkoson fasinjan ya tilasta faɗaɗa tashar. Wannan jerin shi ne dai na Dubai, da ƙaramin aljihu.

To sai dai ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na tsaya a yabo. Akwai abubuwa a labarin Dubai da ba na so a kwaikwaya, ko da suna cikin abin da ya sa aikin ya yi sauri.

Na farko, iko a hannu ɗaya yake. Sheikh Ahmed bin Saeed Al Maktoum ne ke shugabantar hukumar sufurin jiragen sama ta Dubai tun 1985, shi ne shugaban Emirates, shi ne kuma shugaban kamfanin da ke kula da filayen jiragen. Mai doka da mai fili da mai jirgi duk mutum ɗaya. Wannan ya sa ba a ɓata lokaci wajen jayayya, saɓanin Heathrow inda aka shafe shekaru da dama ana muhawara a kan titi na uku. Amma muhawarar Heathrow ta mutanen da za a rushe wa gidaje ce da waɗanda ƙara za ta hana barci, kuma suna da haƙƙin a saurare su. Manyan kamfanonin Amurka uku sun yi ƙorafi a 2015 cewa gwamnatocin yankin Tekun Fasha na tallafa wa kamfanoninsu ta bayan fage, Emirates ya musanta. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, kowa ya ga yadda gwamnatin Dubai ta zuba biliyoyin daloli a kamfanin lokacin korona, sa'ad da fasinjojin filin suka faɗo daga miliyan 86 a 2019 zuwa ƙasa da miliyan 26 a 2020. Abin koyi a nan, a ganina, shi ne ɗorewar manufa: shekaru sittin ana bin hanya ɗaya, ba kowane sabon mai mulki ya zo ya rushe na wanda ya gabace shi ba. Ana iya samun wannan ba tare da an toshe bakin jama'a ba, in aka kafa hukuma mai ƙarfi aka bar ta ta yi aikinta.

Na biyu ya fi damuna, wato mutanen da suka ɗora tubalin. Leburori daga Indiya da Pakistan da Bangladesh da Nepal ne suka gina waɗannan tashoshi a cikin zafin da kan haura digiri 40. Da yawansu sun ciwo bashi a gida domin biyan dillalan da suka samo musu aikin, suka zo suka tarar da albashi ƙasa da wanda aka yi musu alkawari, wasu ma aka riƙe musu fasfo. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan halin ma'aikatan gine-gine a ƙasar a 2006, kuma a wannan shekarar ce ma'aikatan da ke gina sabuwar tashar filin suka ajiye aiki domin mara wa 'yan uwansu na wani babban gini baya. An yi wasu gyare-gyare, kamar hana aiki a rana da tsakar rana a watannin zafi da tsarin biyan albashi ta banki, kuma ya dace a faɗi hakan. Amma har yanzu ba a yarda da ƙungiyar ƙwadago ba, kuma wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana goge wannan marmara ba shi da hanyar zama ɗan ƙasa. Duk lokacin da aka ce Dubai ta yi aikin cikin sauri da araha, a tuna cewa wani ne ya biya cikon kuɗin da guminsa. Ƙasar da za ta kwaikwayi filin ba tare da ta biya ma'aikaci haƙƙinsa ba, ni ban ga abin alfahari a ciki ba.

Sai kuma maganar gaba. Filin yanzu ya cika, gari ya kewaye shi ta kowane ɓangare, babu inda za a shimfiɗa titi na uku. Ruwan saman da aka tafka a watan Afrilun 2024, wanda ya mamaye wurin ajiye jirage ya sa aka soke tashi sama da dubu, ya nuna yadda matsala ɗaya ke dagula komai in wuri ba shi da sarari. A cikin wannan watan ne sarkin Dubai, Sheikh Mohammed bin Rashid, ya amince da gina sabuwar tasha a filin Al Maktoum da ke kusa da Jebel Ali, a kan dirhami biliyan 128, kimanin dala biliyan 35. Shirin shi ne tituna biyar, ƙofofi 400, da ɗaukar fasinja miliyan 260 a shekara in an kammala, sannan a kwashe dukkan zirga-zirga daga tsohon fili zuwa can.

Ƙaurar kanta na fahimce ta, kuma shawarar a kwashe komai zuwa wuri ɗaya ta kauce wa kuskuren Mirabel. Girman ne ke sa ni jan numfashi. Miliyan 260 ya kusa ninka yawan fasinjan yanzu sau uku, kuma duniyar da ta raya Dubai tana sauyawa. Doha ta buɗe filin Hamad a 2014, Istanbul ta koma sabon katafaren filinta a 2019, Saudiyya ta kafa Riyadh Air a 2023. Indiya, wadda ita ce ƙasar da ta fi ba Dubai fasinja, ta farka: Air India ya yi odar jirage 470 a 2023, kuma burinsa shi ne ɗan Mumbai ya tafi Landan ko New York ba tare da ya taka ƙasar kowa ba. Jiragen zamani masu inji biyu suna cin dogon zango da ɗan mai, shi ya sa Airbus ya daina ƙera A380 a 2021. Qantas na Ostireliya, wanda ya mayar da zangonsa na hanyar Landan zuwa Dubai a 2013, ya janye jiragensa daga can a 2018, ya kuma fara tashi kai tsaye daga Perth zuwa Landan.

Tarihin sufurin sama ya sha yin haka ga masu zama a tsakiyar hanya. Gander da ke gabashin Kanada ya kasance zangon da jiragen da ke tsallaka Tekun Atilantika suke shan mai a shekarun 1940 da 1950. An buɗe masa sabuwar tasha mai kyau a 1959, daidai lokacin da jirage masu dogon zango suka fara wuce shi ta sama. Dubai ta fi Gander tsaro, domin ta yi amfani da shekarun nan ta mayar da kanta wurin da ake zuwa don kansa: ciniki, taro, yawon buɗe ido, aiki. Wani kaso mai yawa na fasinjojinta yanzu a birnin suke sauka, ba wucewa suke yi ba. Amma birnin nan ne kuma ya shiga matsalar bashi a ƙarshen 2009, har sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki na dala biliyan 10. Ba zan so a manta da wannan shekarar ba a lokacin da ake zana taswirar ƙofofi 400.

An ce za a gina sabon filin mataki-mataki, kashi na farko ya ɗauki fasinja miliyan 150. Ina fatan a tsaya a kan haka, kada a taɓa kashi na biyu sai na farko ya fara cika. Ina kuma fatan dubban ma'aikatan da za a sake kwasowa daga ƙauyukan Asiya da Afirka domin wannan aiki za su shigo ba tare da bashin dillali a wuyansu ba, fasfonsu kuma yana aljihunsu.